Wasiƙa a kan injin shara da gashin kyanwa

Zuwa ga aminina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da uwargida da yara da duk mutanen gida. Mu ma a nan Manchesta lafiya lau muke, sai godiyar Allah. Saƙonka ya iso ni, na kuma ga tambayar da ka yi game da injin shara, tun da ka shimfiɗa kafet a falo da ɗakin yara, ga kuma kyanwar da yaran suka ɗauko ta mayar da kujerun kushin makwancinta. Tambayar ta zo a kan gaɓa, domin ban daɗe da sayen sabo ba, kuma abin da ke damunka shi ne ya kai ni kanti. Shi ya sa na ga ya fi dacewa in zauna in rubuto maka a tsanake, maimakon in sallame ka da gajeren saƙo a waya.

Gidajen haya na ƙasar nan galibi a lulluɓe suke da kafet saboda sanyi, har matakalar bene ba a bari ba. Kyanwarmu kuwa mai dogon gashi ce, kuma ba ta fita waje. Kyanwar da ke yawo a sarari tana zubar da gashi ne sosai idan yanayi ya juya, amma wadda ke zaune cikin ɗaki, ga hita ga hasken lantarki dare da rana, kusan duk shekara a cikin zubarwa take. Ta fuskar tsarki babu damuwa, domin ka fi ni sanin hadisin Abu Ƙatada cewa kyanwa ba najasa ba ce, tana cikin masu kai da kawowa a tsakaninmu. Sai dai tsarki daban, tsafta daban. Baƙo ya zauna a kujera da baƙin wando ya tashi da furfura a bayansa, mutum ya ɗago daga sujada gashi ya manne masa a goshi, ga autarmu kuma da atishawa kowace safiya. Likita ya bayyana mana cewa ba gashin kansa ne ke tayar da atishawar ba, wani sinadari ne da ake kira Fel d 1, wanda ke cikin yawun kyanwa da maiƙon fatarta. Idan ta lashe jikinta sai ya bushe a kan gashin, ya bi shi duk inda ya faɗa, ya kuma tashi cikin iska tare da ƙura. Wannan bayani ya yi mini amfani a wajen zaɓe, kamar yadda za ka gani.

Injinan shara masu waya iri biyu ne manya. Akwai mai tulu, wanda ake ja a ƙasa yana bin mutum, da dogon tiyo a gabansa. Akwai kuma na tsaye, wanda mota, wato na'urar lantarkin da ke juya fankar zuƙa, da mazubin ƙura da kan shara duk suke haɗe a jiki ɗaya, ana tura shi gaba ana janyo shi baya. Tsohon namu mai tulu ne, kuma kansa ba shi da komai sai bakin zuƙa. Yana kwashe ƙura da ɓurɓushin abinci babu laifi, amma gashin kyanwa siriri ne, yana saƙewa cikin zaren kafet ya riƙe, ta yadda iska kaɗai ba ta iya ciro shi. Abin da ya bambanta na tsaye shi ne buroshi mai juyawa da ke ƙarƙashin kansa, wanda ke tsefe kafet ya kaɗo abin da ya maƙale, sannan iska ta ɗauke. Tun asali a kan haka aka gina shi. Wanda ya fara haɗa irinsa, James Murray Spangler, mai shara ne a wani kanti a garin Canton na jihar Ohio a Amurka, kuma ƙurar kafet ce ke tayar masa da asma. A 1907 ya haɗa motar lantarki da fanka da buroshi da rigar matashin kai a matsayin jaka, a 1908 kuma ya sayar da haƙƙin ƙirar ga William Hoover, wanda sunansa ya bi injin har yau. Na kawo maka wannan ne don ka ga cewa buroshin ba ado ba ne da aka ƙara daga baya, shi ne ginshiƙin aikin.

Saboda haka idan ka shiga kanti, kada mai sayarwa ya ruɗe ka da yawan wat da aka rubuta a kwali. Wat yana nuna wutar da injin ke sha ne, ba tsaftar da yake yi ba. Tarayyar Turai ta hana sayar da injinan da suka wuce wat 1600 daga Satumban 2014, sannan ta sauko da iyakar zuwa wat 900 daga Satumban 2017, lokacin Birtaniya tana cikin ƙungiyar. Mutane sun yi ta ƙorafi, har aka yi rububin sayen manyan kafin dokar farko ta fara aiki, amma ga shi injinan da ke kasuwa yanzu suna share kafet yadda ya kamata. Nawa bai kai wat 900 ba, tsohon kuwa ya fi shi shan wuta nesa ba kusa ba, kuma ko kusa bai kama ƙafarsa a wajen gashi ba.

Na zagaya manyan kantunan kayan lantarki irin su Currys da Argos, na duba na Dyson da Shark da Vax da kuma Sebo na Jamus. Kusan kowane kamfani yana da samfurin da ya ce na masu dabbobi ne, kuma sau da yawa bambancinsa da na gama-gari bai wuce ƙaramin kai ɗaya ko biyu da aka ƙara a kwalin ba, don haka sai ka buɗe ka gani da idonka kafin ka biya ƙarin kuɗi. Farashi yana farawa daga wajen fam 100, yana haura fam 300. Abubuwa uku na nace a kansu. Na farko buroshin da aka ƙera don kada gashi ya nannaɗe shi, wanda ke da wasu haƙora kamar na matsefi a bayansa suna kankare gashin yana juyawa. Na biyu filta irin wadda ake kira HEPA, wadda a ma'aunin Amurka take tare kashi 99.97 cikin ɗari na ƙwayoyin ƙura masu girman maikuron 0.3 (maikuron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), tare da jikin da aka toshe duk kafofinsa, domin filta mai kyau a jikin da ke yoyon iska aikin banza ce, abin da ke sa yarinya atishawa zai shiga ta gaba ya fita ta gefe. Na uku kuwa, na so wanda ake iya cire gangar jikinsa a riƙe a hannu saboda matakala.

Na daɗe ina waswasi a kan mai jaka da marar jaka. Marar jaka, wanda James Dyson ya yaɗa a nan da samfurinsa DC01 a 1993, yana juya iska ne da ƙarfi kamar guguwa har ƙurar ta ware ta faɗa cikin mazubi, sai ka zubar ka mayar. Mai jaka ya fi tsafta a wajen zubarwa, musamman ga mai asma, tun da ƙurar a rufe take fita, amma gashin kyanwa yana cika jaka da wuri, kuma kowace jaka kuɗi ce. Na ɗauki marar jaka a kan kusan fam 200, da sharaɗin cewa ni ne mai zubarwa, kuma a waje nake yi, ina cusa mazubin cikin leda kafin in buɗe ƙasansa.

Ranar da na fara gwada shi, a falo na soma, falon da aka share da tsohon injin jiya-jiya. Mazubin na roba ne garai-garai, kana ganin abin da ke shiga. Kafin in kai bakin taga, wani dunƙule mai launin toka ya taru a ciki yana juyawa, ga garin ƙura mai laushi ya kwanta a ƙasa. Da na zazzage shi, bai warwatse ba, a cure ya faɗo da siffar mazubin, har da zaren hula da gashin kitson yara a ciki. Maman yara ta tsaya tana kallo, ta ce ashe a kan wannan muke zama muna cin abinci. Kafet ɗin da muka ɗauka ya koɗe ne saboda tsufa, sai ga launinsa ya fito, zarensa ya miƙe, ana ganin layin da injin ya bi.

Amfani da shi yana da ƙa'ida, kuma babbar ƙa'idar ita ce rashin gaggawa. A tura a hankali, a janyo a hankali, domin a janyowar ne ya fi kwasa, sannan a sake bin wurin ta gicciye, saboda gashi yana kwanciya ne ta inda zaren kafet ya karkata. Idan kafet mai kauri ne, a ɗaga kan ko a buɗe 'yar kafar iskar da ke jikin mariƙin, in ba haka ba zai manne a ƙasa har turawa ta gagara. Ga kujeru kuwa, ƙaramin kai mai nasa buroshin shi ne ya fi komai burge ni. Kusurwar kushin da kyanwar ta fi so, inda gashi ya yi kirtani a bakin ɗinki, a da sai an jiƙa hannu ana murzawa, yanzu bi biyu ko uku ya wadatar. A kan tayil ko katako dole a kashe buroshin, domin watsa tsakuwa da yashin bayan gidan kyanwa yake yi maimakon ya ɗauke su.

Ba zan ɓoye maka nauyin da ke tattare da irin wannan ƙira ba. Na tsaye yana kai kilo shida zuwa takwas, kuma ko da ana tura shi a kan taya, hannu yana ji idan ɗakuna suna da yawa. Ba ya shiga ƙarƙashin gado ko kujera mai gajerun ƙafafu sai an koma ga tiyo. Gezar sallaya da igiyar cajar waya da bakin labule, duk abin da ya samu zai naɗe, don haka a ɗauke su kafin a kunna. Ga kuma ƙara. Kyanwa tana jin siririn sautin da ya kai kilohaz 60 da 'yan kai a ma'aunin kaifin sauti, alhali kunnen mutum a wajen 20 yake tsayawa, shi ya sa da ta ga an warware waya take neman mafaka. Mukan kai ta wani ɗaki mu rufe, kuma na hana yara bin ta da injin da sunan wasa.

Kulawa da shi ba ta da wuya, amma ba ta son sakaci. A zubar da mazubi kafin ya wuce layin da aka zana masa. A wanke filtar soso da ruwan sanyi zalla kamar sau ɗaya a wata, a bar ta ta bushe sarai, aƙalla awa 24, domin idan aka mayar da ita da danshi za ta yi wari, motar ma tana iya lalacewa. Ko buroshin da aka ce ba ya naɗe gashi, yana da kyau a kifa injin lokaci-lokaci a duba gefunansa da almakashi a hannu, bayan an zare waya daga soket. Idan ya mutu da kansa ana cikin aiki, galibi toshewa ce ta sa ya yi zafi ya kashe kansa, sai a duba tiyo a bar shi ya huce. Kada a zuƙi ruwa da shi, kada a zuƙi toka ko garwashin turaren wuta, wannan kuwa sai ka ja kunnen 'yan aikin gida tun ranar farko.

Yanzu ga abin da ya shafe ka a Kano. Wutar Najeriya da ta Ingila ɗaya ce a ƙa'ida, bolt 230, filogi ma mai ƙafa uku iri ɗaya, don haka injin da aka yi don nan zai yi aiki a wurinka kai tsaye. Wanda aka yi don Amurka kuwa na bolt 120 ne, kuma idan aka cusa shi a soket ɗinku ba tare da taransifoma ba, ƙonewa zai yi nan take. Ka lura da wannan sosai idan na hannu za ka saya a kasuwa, ka karanta 'yar takardar da ke manne a ƙasansa, ka sa a kunna maka, ka kuma shinshina iskar da yake fitarwa, domin wanda ya yi aiki a gidan masu kare warin ba ya barinsa. Ka yi lissafin janareta ko inbata, tun da mota tana fizgar wuta fiye da ƙima a lokacin tashi. Masu batir suna da sauƙin ɗauka, amma idan aka sa su a ƙarfinsu na ƙarshe, wanda kafet mai gashi ke bukata, cajin ba ya jimawa, batirin kuma ba ya son zafi irin na bazara.

Ƙurar hunturu ita ce za ta fi ba ka aiki. Laushinta yana toshe filta da sauri, don haka wankin da muke yi a wata, kai sai ka riƙa yinsa a mako idan hazo ya sauka, kuma ka sayi filta biyu don ɗaya tana shanya ɗaya tana aiki. Marar jaka nake ba ka shawara, saboda kada ka zo neman jakar wani samfuri ka rasa. Idan da gidanka duka tayil ne, da na ce ka bar kuɗinka a aljihu, tsintsiya da mofa sun ishe ka, amma tun da kafet ya shiga falo da ɗakin yara, na tsaye mai buroshi shi ne daidai da kai. Ka kuma saya wa yaran matsefin kyanwa su riƙa taje ta a tsakar gida, domin gashin da aka cire a waje ba zai shigo ɗaki ba.

Ka rubuto mini girman ɗakunan da kaurin kafet ɗin, da kuma ƙarfin janaretanka. Idan ka fi son a sayo maka daga nan, akwai masu zuwa gida hutun ƙarshen shekara, sai in haɗa da filta da bel mai juya buroshi na ajiya in ba su, amma ka sani garantin kamfani ba lallai ne ya bi shi zuwa Najeriya ba. Maman yara tana gaida uwargida, yara suna gaida 'yan'uwansu. Ka miƙa gaisuwata ga Baba da Hajiya, Allah ya ƙara musu lafiya.

Wassalam,
Naka amini.