Rahoton Ayyukan Shekara ga 'Yan Ƙungiya: Hutun Ruwa, Idon Raga da Halin Tafkin Lagdo

Assalamu alaikum. Iyayenmu sarakunan ruwa, dattawa, iyaye mata masu banda, da ƙannenmu matasa masu kwana a kan ruwa, kwamitin gudanarwa yana gabatar muku da rahoton abin da aka yi bana. Mafi yawansa zai tsaya ne a kan hutun ruwa, wato watannin da ake hana kamun kifi, da kuma idon raga, domin su ne suka fi cin lokacinmu, su ne kuma suka fi jawo saɓani a tsakaninmu.

Kamar yadda aka saba, ma'aikatar kiwo da kamun kifi, wato MINEPIA, ta rufe kamun kifi a tafkin Lagdo da ke arewacin Kamaru daga 1 ga Yuli zuwa 30 ga Satumba. Tun kafin lokacin, wakilan kwamiti sun bi tunga-tunga cikin kwalekwale suna bayyana dalilin rufewar, saboda har yanzu akwai masu ɗaukarta a matsayin muguntar hukuma. A waɗannan watanni ne ruwan Binuwai da na Mayo Rai yake cika tafkin, ya hau kan ciyawar gaɓa, kifi ya bi shi don ya yi ƙwai. Tarwaɗa tana shiga ciyawar da ruwa ya rufe, bargi yana gina sheƙarsa a wuri marar zurfi, ita kuwa karfasa, uwar tana riƙe ƙwai da 'ya'yanta a cikin baki har su yi ƙwari. Wanda ya kama karfasa ɗaya a watan Agusta, ya buɗe bakinta ya gani, zai san cewa ba kifi ɗaya ya kashe ba. Muna godiya ga tungayen da suka jingine jiragensu, suka rataye komarsu har wa'adi ya cika. Amma ba za mu ɓoye muku ba, an samu 'yan ƙungiya da suka riƙa fita cikin dare, kuma kwamiti ya ƙi zuwa roƙon a mayar musu da kayan da aka kama. Wasu sun ji haushin hakan, mu kuwa muna nan a kan bakanmu.

Abin da ya fi damun kwamiti ya faru ne bayan buɗe ruwa. A makon farko na Oktoba mun tsaya a bakin kasuwar Jiporde da sassafe, muka ga an sauke daro cike da 'yan karfasa da ba su wuce tsawon yatsa ba, har da 'ya'yan giwan ruwa a gauraye. Wata dattijuwa mai banda ta ɗebi cikin hannu, ta juya su, ta mayar, ta ce in ta ɗora waɗannan a kan waya wuta ce kawai za ta cinye su. Irin wannan kamu, taru ne yake kawo shi, da raga mai ƙanƙanen ido, har da gidan sauro da aka raba don kare yaranmu daga zazzaɓi. Mun yi haƙurin wata uku da yunwa da bashi domin kifi ya hayayyafa, sannan muka kwashe 'ya'yan cikin 'yan kwanaki, tun ba su kai girman da za su yi kuɗi ba. A ganin kwamiti, muddin ba a daina wannan ba, hutun ruwa wahala ce kawai muke sha.

Masu jan taru suna cewa ba su ne suka rage kifi ba, ruwa ne ya lalace. Akwai gaskiya a maganarsu, kuma ya kamata a faɗe ta. Tun da aka kammala madatsar da ta tara ruwan tafkin a 1982 da taimakon ƙasar Sin, kowace damina tana sauko da laka da yashi daga gonakin da aka share har bakin ruwa, da tuddan da aka sare itatuwansu, da ramukan masu haƙar zinariya a yankin Mayo Rai. Dattawanmu sun nuna mana wuraren da a da gora ba ta taɓa ƙasa, yanzu kuwa da rani jirgi yana kafewa a cikin taɓo. Haka kuma madatsar an gina ta ne don wutar lantarki ta megawat 72 da ke haska Garwa da Marwa da Ngaundare, saboda haka ana ta jan ruwa duk tsawon rani, kuma idan ya cika fiye da kima dole a buɗe ƙofofi, kamar yadda aka yi a 2012 da 2022. Idan ruwa ya ja da wuri ya bar ciyawa, 'ya'yan kifi sun rasa maɓoya da abinci, idan kuma ruwan farko ya zo jawur da laka bayan zafin bazara, kifi yakan taso sama yana haki. Wannan duk ba a hannunmu yake ba. Sai dai ruwan da ya riga ya raunana shi ne ya fi buƙatar a sassauta masa, kuma sayen raga a hannunmu yake.

Game da takardu, kwamiti ya taimaka wa mambobi da dama wajen sabunta takardar izinin kamun kifi, musamman waɗanda ba sa jin Faransanci. Muna kuma sanar da ku cewa a Disamban 2024 Kamaru ta yi sabuwar doka ta kamun kifi da kiwonsa, bayan shekaru ana aiki da dokar 1994. Mun nemi jami'an ma'aikata su zo su fassara mana ita da Hausa da Fulatanci, domin mun samu koke-koken cewa wasu masu sintiri suna karɓar kuɗi a kan ruwa ba tare da rasit ba, kuma wanda bai san doka ba ba zai iya bambance tara da cuta ba.

Asusun taimakon juna ya yi aiki a lokacin hutu, amma bai isa ba. Mata masu banda ne suka fi jin jiki, tandunansu a kashe wata uku, masunta da yawa kuma suka koma cin bashi wajen dillalai bisa sharaɗin sayar musu da kifi a farashin da suka yanka. Wannan bashin shi ne yake tura mutum cikin ruwa da dare, shi ne kuma yake sa shi sayen ƙanƙanuwar raga don ya biya da sauri. Saboda haka kwamiti yana kawo shawara a fara tara gudummawar hutu tun daga Oktoba, lokacin da kowa yake da abin hannu, a kuma buɗe rance marar ruwa ga duk wanda ya kawo haramtacciyar ragarsa ya musanya da mai faɗin ido. Muna roƙon kowane sarkin ruwa ya tattauna wannan da mutanen tungarsa, ya zo babban taro da amsarsu da kuma sunayen masu son musanyar.