A daina dukan kan batir da dutse

Malam Edita,

Ina roƙon fili a jaridarku domin in ja hankalin direbobinmu na Damagaram kan wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare: mota ta ƙi tashi, sai a buɗe bonet a dinga dukan kan batir da dutse. Farin garin nan mai ratsin kore da ke taruwa a wurin, tururin asid ɗin batir ne ke cin darma da tagulla, zafin garinmu kuma yana ƙara masa sauri, har wutar volt 12 ta kasa wucewa yadda ya kamata.

Gyaran ba ya da tsada. A kashe mota, a fara cire wayar da ke da alamar ragi (-) kafin ɗayar, a wanke kan batir da ruwan bikarbonat har kumfa ta daina tashi, a goge da burushi, a bari ya bushe. Wajen mayarwa, ita wayar ragi ce ta ƙarshe, sannan a shafa ɗan basilin. A kiyaye ido da hannu.

Ƙananan soket na fitila da na'urori kuwa ba sa son ruwa. Feshin tsabtace wayoyin lantarki ya fi dacewa da su.

Wassalam,
Wani mai karatu daga Birni, Zinder