Ba Hauka Ba Ne, Gudun Dogon Zango Muke Koya

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, dan Allah a ɗan ba ni fili in yi ƙorafi, kuma ƙorafin a kan shafinku na wasanni ne. Na daɗe ina bin jaridar nan, amma duk sati in na buɗe shafin ba abin da nake gani sai ƙwallo, Firimiya ce, Madrid ce, Barca ce, in an tausaya mana a sako Pillars a ƙasa, wani sa'in dambe. Ba wai ina ƙin ƙwallo ba ne, ni ma na sha asarar barci a gidan kallo. Amma fa akwai mu, mu 'yan tsiraru da muke fita gudu bayan sallar asuba, ba mu da koci ba mu da kulob ba mai biyanmu ko sisi, kuma ba mu taɓa ganin an rubuta layi ɗaya da Hausa da zai taimaki mai son farawa ba.

Ni ɗan kasuwa ne, daga safe har magariba ina zaune a shago. Ina da shekara 41 likita ya auna ni ya ce jinina ya fara hawa, ya dubi tumbina ya ce Alhaji ko dai ka motsa jiki ko ka shirya shan magani kullum. Washegari kuwa da zafi-zafi na zura wani tsohon kambas na fita, na ce yau sai na zagaye unguwa. Wallahi ban kai masallacin bayan layinmu ba numfashi ya ƙare, ƙirji kamar an zuba barkono, na dafa katangar wani gida ina haki, ga yawu mai ɗaci ya cika min baki. Wani dattijo da ke dawowa daga masallaci da carbinsa ya tsaya ya ce “Malam lafiya? Wa ya biyo ka?” Na ce ba kowa Baba, motsa jiki nake. Ya kalle ni sama da ƙasa ya ce to Allah ya sawwaƙe, ya wuce abinsa.

Wannan “Allah ya sawwaƙe” ɗin ita ce matsalarmu ta farko a nan. A wurinmu in an ga magidanci da furfura a gemu yana gudu to ɗayan biyu ne, ko an biyo shi ko kan ya taɓu. Yara su bi ka suna lef-rai lef-rai, masu adaidaita sahu su rage gudu suna tambaya ko za a rage maka hanya, maigidan da kuke gaisawa da mutunci ya kawar da kai kamar bai gan ka ba don kar ka ji kunya. Hatta uwargida sai da ta ce dan Allah in dinga dawowa kafin gari ya waye sosai, kar maƙwabta su sa mu a baki. Abin dariya kuma, duk waɗannan mutanen in ka ce musu wane yana ciwon suga ko ya samu shanyewar ɓarin jiki ba wanda zai yi mamaki, wannan ya zama ruwan dare. Gudun ne abin mamaki.

Wanda ya gyara min tafiya wani tsohon soja ne da na haɗu da shi a sati na uku, lokacin ina dab da haƙura. Ya girme ni da kusan shekara 20 amma in yana gudu ko ƙarar takunsa ba ka ji. Ya bi ni a baya na ɗan lokaci sannan ya ce ƙanena, kai ba gudu kake ba, tsere kake da kanka. Ya ce in rage har sai na iya yi masa hira muna tafe, in na kasa haɗa jimla ɗaya ba tare da na tsaya jan numfashi ba to na yi sauri da yawa. Na ce ai wannan ba gudu ba ne sassarfa ce, tsohuwa mai tallan ƙosai ma za ta wuce ni. Ya ce bar ta ta wuce. Haka muka fara, gudun minti 1 tafiyar minti 2, a maimaita kamar sau 8, sau uku a sati kawai, ran da ba gudu a huta. Bayan wata biyu da 'yan kwanaki na yi kilomita 5 ban tsaya ba, ranar har shayi mai kauri na saya masa da ƙwai.

Daga baya na gane ashe ba dabararsa ba ce shi kaɗai, manyan 'yan gudun duniya ma mafi yawan atisayensu a hankali suke yinsa, mai zafin kaɗan ne a cikin sati. Dalilin kuwa zuciya da huhu suna saurin sabawa, cikin 'yan makonni za ka ji numfashi ya daidaita, amma ƙashi da jijiyoyi da gwiwa su ba sa sauri, watanni suke ɗauka. To nan ne sabon shiga yake faɗawa rami, ya ji ƙirji ya buɗe sai ya ninka nisan a sati ɗaya. Ni ma na yi, daga kilomita 15 a sati na haura 30 don na ji daɗin jikina, sai ga ciwo a ƙashin ƙwauri kamar ana buga min ƙusa, ko matakalar shago ba na iya hawa sai na dafa. Sati biyar ina zaune. Shawarar da masu abin suke bayarwa ita ce kar ƙarin ya wuce kamar kashi 10 cikin 100 na abin da ka yi satin baya, kuma duk bayan sati uku ko huɗu ka rage ka bar jiki ya farfaɗo. Kuma duk wanda ya haura shekara 40 ko yake da hawan jini ko suga ya fara ganin likita tukuna, ba wasa nake ba.

Sai yanayinmu, wanda shawarwarin da muke gani a intanet ba ruwansu da shi don ba mu aka rubuta wa ba. Daga Maris zuwa Mayu zafin Kano yana haura digiri 40, in ba ka gama ba kafin ƙarfe bakwai da rabi to ka koma gida kawai. Lokacin hunturu kuma daɗin gudu ba a magana, jiki sakayau, sai dai ƙura, ka dawo maƙogwaro a bushe leɓe a fashe gashin ido fari fat kamar ka fito daga injin niƙa. Da azumi wasunmu suna ɗan taɓawa minti 20 ko 30 dab da shan ruwa, ni dai na fi ganewa bayan tarawi in abinci ya faɗa, kuma ba na neman ƙara komai a watan, in dai abin da na tara bai zube ba alhamdulillahi. In an yi dogon gudu an yi gumi sosai ruwa zalla ba ya isa, ruwan gishiri da sukarin nan da ake ba yara in suna gudawa shi nake haɗawa, ga dabino uku huɗu a aljihu. Takalmi kuwa gwanjo nake saya a Ƙofar Wambai, ba kunya, sai dai ka duba ƙasansa kar ya zama ya cinye ta gefe ɗaya, kuma ka ɗauki wanda ya ɗan fi ƙafarka don ƙafa tana kumbura a dogon gudu. Farcen babban yatsana biyu ne suka yi baƙi suka fita kafin in koyi wannan.

Amma Edita duk wannan mai sauƙi ne. Abin da ya fi wuya shi ne tashi. Zumuɗin farko sati uku yake yi ya mutu, daga nan sai ranar da aka idar da sallah, sanyi na busawa, bargo na kiranka, shaiɗan yana raɗa maka cewa ai jiya ka yi, gobe ma rana ce. Na ga mutane da yawa sun sayi kaya masu tsada har da agogon da ke ƙirga taku, sun ɗora hoto a Facebook, bayan wata ɗaya ko ɗuriyarsu. Ni abu biyu ne suka riƙe ni kuma ba ƙarfin zuciya a cikinsu. Na farko mutane. Mu shida ne yanzu, akwai tela akwai malamin firamare akwai wani yaro mai gyaran waya, muna da guruf a WhatsApp, in ba ka fito ba kafin ka karya an yi maka ca, wai Alhaji ko amarya ce ta hana. Sanin cewa wani yana tsaye a bakin titi cikin sanyi yana jiranka ya fi duk wani wa'azin likita tasiri. Na biyu kuma rana. Wato a ce ga gasa ranar kaza, ka biya kuɗin mota ka faɗa wa mutane za ka, to daga nan kowace asuba tana da dalili.

Ni ranar tawa gasar Legas ce, wadda aka fara a 2016 ake yinta a watan Fabrairu, kilomita 42 da mita 195. Wata biyar na yi ina shiri, duk Asabar dogon gudu, daga kilomita 14 har na kai 30. An tashi daga filin wasa na Surulere da sassafe, mutane dubbai, kiɗa, ihu, sai na manta duk abin da tsohon soja ya koya min na bi ayarin wasu samari. A kan gadar Third Mainland, wadda ta kusa kilomita 12, ji nake kamar a haka zan ƙare, ga ruwa hagu da dama ga iska. Ashe Legas ba Kano ba ce, zafinsu mai ɗanshi ne, gumin ba ya bushewa sai dai ya jiƙa ka sharkaf. Wajen kilomita 31 ƙafafuna suka ce sun gama. Ba ciwo ba ne irin na rauni, kawai kamar an zare wa waya batir, abin da 'yan gudu suke cewa cin karo da bango, wato sukarin da jiki ya adana a tsoka ya ƙare. Na koma tafiya, ina ƙirga turakun wutar lantarki, in yi gudu tsakanin biyu in taka tsakanin biyu. Wata mata a bakin hanya ta miƙo min ayaba tana min magana da Yarbanci, ban ji ko kalma ɗaya ba amma na karɓa da hannu biyu. Na shiga Eko Atlantic bayan awa 5 da minti 20 da wani abu, waɗanda suka ci gasar tuni sun yi wanka sun ci abinci. Lambar da aka rataya min tana nan a shago kusa da kalanda, duk wanda ya tambaya sai ya gaji da labari.

In ana maganar waɗanda suka ci, kusan kullum 'yan Kenya ne da Habasha, kuma mutanenmu sai su ce ai su jininsu ne. Akwai tsaunuka dai, garin Iten na Kenya yana kan tudu kusan mita 2,400, iskar can ba ta da yawan abin shaƙa, jiki sai ya ƙara jini don ya jure. Amma akwai kuma cewa su a can gudu sana'a ce mai daraja, yaro yana tashi yana ganin maƙwabcinsa ya gina gida da shi. Abebe Bikila na Habasha ba takalmi ya ci zinare a gudun kilomita 42 ɗin nan a gasar Olympics ta Rum a 1960, ya sake ci a Tokyo a 1964. Eliud Kipchoge ya yi nisan nan cikin awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40 a Vienna a 2019, ko da yake ba a ƙirga shi a matsayin tarihin gasa ba saboda yadda aka tsara gudun. Mun taɓa lissafawa da malamin firamaren nan, ya kama kowane zagayen fili na mita 400 cikin daƙiƙa 68, sau 105 a jere. Yaron mai gyaran waya ya ce bari ya gwada zagaye ɗaya tak, ya yi a 74 ya kwanta a ciyawa yana kiran wayyo. Mu ma fa muna da Filato, 'yan Jos da Pankshin su ne suke yawan zuwa gaba a cikin 'yan Najeriya, ga kuma tsaunin Mambila a Taraba.

To ga inda nake so a kai kukanmu. Ba kowa ne zai iya kuɗin motar Legas da masauki ba, ko Okpekpe ta jihar Edo inda ake kilomita 10. Kaduna ta yi nata a 2020 mun ji daɗi, amma abin da muke buƙata ba sai babba mai kiran baƙi daga waje da kyautar daloli ba. Ƙaramar gasa ta kilomita 5 ko 10, ƙaramar hukuma ma za ta iya, a tare titi na awa biyu ran Asabar da safe, a ajiye ruwan leda a hanya, a samu motar asibiti ɗaya, a yi ta duk bayan wata uku a san ranarta tun da wuri. Sannan a buɗe mana filaye. Akwai wani fili da muka je da asuba mai gadi ya ce sai mun kawo takarda daga ofis, muka je ofis aka ce mai sa hannu ya yi tafiya, sau uku muna komawa muka haƙura muka koma titi muna kauce wa tirela da karnuka. Mata kuma abin ya fi shafarsu, uwargidan nan da ta ce kar a sa mu a baki yanzu ita take tambaya ina za ta je ta taka ita da ƙawayenta da hijabansu ba tare da an zuba musu ido ba, kuma ba ni da amsar da zan ba ta. In da za a ware musu awa ɗaya a filin wata makarantar 'yan mata da safe ai da sun cika shi.

Ku kuma naku mai sauƙi ne, ko ɗan lungu ne a shafin wasanni sau ɗaya a wata, ku sa ranakun gasannin da ke tafe, ku nemo likita ko koci ya amsa tambayoyin masu farawa da Hausa. In wakilinku yana son ya gani da idonsa ya zo ran Asabar bayan asuba, ya taho da kambas ɗinsa, minti ɗaya-ɗaya za mu fara da shi.

Na gode, a huta lafiya.

Naku,
Wani mai karatunku daga Kano