Wasiƙa daga Manila: Jaworski, kocin da ya ƙi tuɓe rigar wasa

Manila, Filifin

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da iyali da su Hajiya. Mu nan lafiya lau, sai zafi da ruwan sama da ba sa rabuwa da garin.

Saƙonka ya iso. Na ga inda ka ce gwiwa ta fara yi maka gardama, yaran ƙungiyarku ta ƙwallon kwando kuma sun rabu biyu, wasu na so ka ci gaba da shiga fili tare da su, wasu na ganin koci wurinsa benci. Ka nemi shawarata. To Allah ya kawo ni ƙasar da wani mutum ya zauna da wannan tambaya taka daga 1985 har 1998, yana horarwa yana wasa, kuma labarinsa nake so in ba ka kafin in faɗi ra'ayina. Sunansa Robert Jaworski.

Sai ka zo nan za ka gane matsayin ƙwallon kwando a wurin mutanen Filifin. Amurkawa ne suka kawo musu shi lokacin da suke mulkinsu, ya shiga makarantu, daga nan ya gangaro lungu. A layinmu an kafa kwando a jikin falwaya, allonsa guntun katako. Yara na wasa da silifas, wasu ma ƙafa ba takalmi. In mota ta taho sai mai riƙe da ƙwallo ya rungume ta kowa ya matsa gefe, tana wucewa a ɗora daga inda aka tsaya. Mafi yawansu ba su da tsawo, sun kuma san haka, shi ya sa wasansu na gudu ne da dabara da ƙarfin zuciya.

An haifi Jaworski a Baguio ranar 8 ga Maris 1946. Mahaifinsa Ba'amurke ne mai asalin Poland, mahaifiyarsa 'yar ƙasa, ya kuma tashi a unguwar Pandacan a nan Manila. Ya yi wa jami'ar University of the East wasa a hannun koci Baby Dalupan, ka riƙe wannan sunan don zai dawo. Yana cikin tawagar ƙasa da ta ci gasar nahiyar Asiya a Seoul a 1967, ya je wasannin Olamfik na Meziko a 1968, aka sake cin kofin Asiya da shi a Manila a 1973.

Tsakanin waɗannan nasarori akwai tabon da masoyansa ba sa son a taɓo. A watan Disamba 1971, yana yi wa ƙungiyar Meralco wasa da Crispa, shi da abokin wasansa Alberto Reynoso suka kai wa alƙalan wasa hannu. Aka yanke musu hukuncin haramci na har abada. Daga baya aka sassauta, shi ne ma ya samu buga gasar 1973. Na fara da wannan ne don kada ka ɗauka waliyyi nake kwatanta maka. Mutum ne mai zafin zuciya, wasansa na jiki ne, 'yan adawa da yawa sun sha gwiwar hannunsa.

A 1975 aka kafa PBA, gasar ƙwararru ta farko a Asiya, yana ɗan shekara 29. A nan kamfanoni ke da ƙungiyoyi, ba garuruwa ba, shi kuma yana Toyota tare da Ramon Fernandez da Francis Arnaiz. Hamayyarsu da Crispa ta raba gidaje, wa da ƙane sai su yi kwanaki ba sa ga maciji saboda wasa ɗaya. Dalupan, malaminsa na jami'a, shi ne kocin Crispa ɗin. Toyota ta ci kofi 9, Jaworski ya zama gwarzon ɗan wasa na shekarar 1978. Aikinsa raba ƙwallo ne, ya kuma bar tarihin miƙa ƙwallon da aka jefa kwando sama da sau 5,800, babu wanda ya kamo shi a gasar. Da aka sayar da Toyota a 1984 ya ƙi bin sabbin masu ita, suka ɓata da Fernandez, shi da Arnaiz suka koma ƙungiyar da a shekara mai zuwa ta zama Ginebra San Miguel. Sunan barasa ne, kamfanin giya ke da ita. Wannan bai taɓa kwanta mini ba, kai ma na san ba zai kwanta maka ba, amma haka tsarinsu yake.

A 1985 aka damƙa masa horar da Ginebra, yana shekara 39, bai kuma ajiye riga mai lamba 7 ba. Tsohon da nake haya a gidansa shi ya ba ni labarin daren 22 ga Oktoba na wannan shekarar, yana faɗa yana shafa leɓensa kamar shi aka fasa wa. Suna wasa da Northern Consolidated, wadda kusan ita ce tawagar ƙasa a lokacin. A zango na biyu gwiwar hannun Jeff Moore ta sami Jaworski a baki, jini ya ɓalle, aka wuce da shi asibiti aka yi masa ɗinki 9. Kowa ya ɗauka shi ke nan. Sai ga shi ya dawo filin da filasta a baki, ya zauna kaɗan, ya miƙe ya shiga. An ba su ratar maki 15, suka cike ta suka ci wasan. Tsohon ya ce a unguwarsu ihun da aka yi a gaban talabijin har ya tayar da jarirai. Daga daren nan ake lissafin kirarin da ake yi wa Ginebra na cewa ba ta sallamawa sai an busa tashi.

Ka lura da abin da ya faru a nan, don shi ne tushen maganata. Bai dawo don ya fi kowa zura ƙwallo ba. Ya dawo ne yaransa suka ga mutumin da ke yi musu tsawa a atisaye ya shigo da baki a ɗinke, inda za a iya sake fasa shi. Bayan wannan wa zai ce masa ya gaji?

Kofunan da ya ci a matsayin koci 4 ne: 1986 tare da Amurkawa biyu, Billy Ray Bates da Michael Hackett, sai 1988, 1991 da 1997. In ana maganar yawa, bai kai ko kusa da Dalupan mai 15 ba, balle Tim Cone da ya haura 20. Amma ka tambayi direban jifni, wato motar hayarsu, ko mai tallan kifi wane ne kocinsa, ka ji amsa. Sau da yawa 'yan wasansa ba su ne fitattu ba, wasu ma waɗanda sauran ƙungiyoyi suka sallama ne. Talaka ya ga kansa a cikinsu.

Shekaru biyu a jere sun ishe ka ka san mutumin ciki da bai. A 1990, a wasa na 6 na zagayen ƙarshe da Shell, ƙungiyarsa ta fusata da alƙalanci ta fice daga fili tun a zango na biyu, ta ƙi dawowa. Aka ba Shell kofi, aka ci tarar ƙungiyar Jaworski. Ni dai ban ga abin yabo a nan ba. Mutane sun biya kuɗi sun zo kallo, kuma duk kocin da ya koya wa yara fita daga fili don an cuce su ya koya musu abin da zai bi su har wajen fili. A 1991 sai ga su sun sake haɗuwa da Shell ɗin a wasan ƙarshe. Shell ta ci uku, su ɗaya, saura wasa guda a gama da su. Suka ci uku a jere. A wasa na 7, ana kunnen doki saura 'yan daƙiƙoƙi, Rudy Distrito ya kutsa ya jefa yana faɗuwa, ƙwallo ta shiga, aka tashi 104 da 102. Ba a taɓa irin wannan farfaɗowa a zagayen ƙarshe na PBA ba kafin su. Ka kuma duba, ba Jaworski ne ya yi jifan ba. Ya bar wa yaronsa.

Gabarsa da Fernandez ma ta zo ƙarshe a fili. A wasan taurari na 1989 an haɗa su ƙungiya ɗaya, Dalupan na koci. A daƙiƙoƙin ƙarshe Jaworski ya jefo wa Fernandez ƙwallo daga gefen layi, shi kuma ya zura ta suka ci, tsohon malamin ya sa suka yi musabaha a gaban jama'a. Da aka ba Jaworski horar da tawagar ƙasa zuwa wasannin Asiya na Beijin a 1990, karon farko da aka tura ƙwararru zalla, ya tafi da Fernandez. Sun kai wasan ƙarshe, Sin ta doke su, suka dawo da azurfa.

Ya yi ta wasa har ya kai shekara 50, har ɗansa na cikinsa ya shigo ƙungiyar suka sa riga iri ɗaya. Sai dai a shekarun ƙarshe mintocinsa sun ragu ƙwarai. Yakan shafe yawancin wasa a gefen layi da rigar wasa a jikinsa, 'yan kallo na kiran sunansa, ba ya tashi sai ya ga yara sun rikice suna buƙatar mai kwantar musu da hankali. A 1998 ya ci zaɓen sanata ya bar ƙungiyar, ya zauna a majalisar dattawa har 2004. A 2012 Ginebra ta jingine lamba 7 a filin Araneta, ba mai sake sa ta.

To ga ra'ayina. Kada ka tuɓe rigar tukuna. Yaran da ke so ka shiga suna da gaskiya, don da yawansu ba su da wanda ya taɓa tsayawa kusa da su a wurin da ake shan wuya. Amma ka rage. Ka yi atisaye da su sosai, gudun da ka sa su ka yi rabinsa, ranar gasa kuma ka shiga minti biyar ko shida lokacin da suka fara jefar da ƙwallo barkatai. In ka shiga, ka raba, kada ka nemi maki. Yaron nan dogo da ka ce yana tsoron jifa in wasa ya yi zafi, shi za ka riƙa miƙa wa, ko ya ɓarar sau uku ka sake ba shi. Maganar alƙalan wasa kuma, na san halinka tun muna makaranta, ka kama bakinka, don duk abin da ka yi wa alƙali yau, gobe yaranka za su ninka shi.

Akwai bidiyon wasan 1991 a YouTube, hoton ya ɗan dushe amma ana gane komai. Zan turo maka ta WhatsApp, ka tara yaran ku kalli mintocin ƙarshe tare. Na kuma sayi ƙwallo biyu da ragar kwando, zan ba wani ɗalibi da zai dawo gida hutu ya kawo maka, sai ka aiko mini da lambar da zai same ka.

Ka gaida Hajiya, ka ce ina neman addu'a. Ka gaida maiɗakinka da yara, da duk mutanen majalisa. Allah ya ƙara lafiya, ya sada mu da alheri.

Naka har kullum,
Amininka