Ku yi wa Franz Liszt adalci a shirinku na kiɗa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina cikin masu bibiyar shirinku na kaɗe-kaɗen duniya, kuma na ji daɗi da kuka saka kiɗan fiyano na Franz Liszt wanda ya gina a kan Rigoletto, wasan waƙa na Verdi, mai tsara kiɗa ɗan Italiya. Sai dai mai gabatarwa ya ce kiɗan aro ne, wai waƙar Verdi aka ɗauko aka yi mata kwalliya don a nuna gwanintar yatsu. A nan muka raba gari da shi.

Verdi ya fara nuna Rigoletto a birnin Venice na Italiya a 1851. Opera ce, wato wasan kwaikwayon da ake rera shi da waƙa daga farko har ƙarshe, yana buƙatar mawaƙa da tarin makaɗa da babban zaure. Liszt ya rubuta nasa a 1859, kuma na'urar naɗar murya ba ta zo ba sai 1877. To mutumin ƙaramin gari da babu gidan opera, ta ina zai ji waƙar? Ta hannun mai fiyano. Aikin da ku kuke yi yau da rediyo, shi irin wannan kiɗa yake yi a wancan zamani.

Sannan a duba wurin da Liszt ya zaɓa. A kashi na uku na wasan, mutum huɗu ne ke waƙa lokaci guda, kowa da abin da ke ransa. A cikin ɗaki, basaraken Mantua, manemin mata na ƙarshe, yana yi wa Maddalena daɗin baki, ita kuma tana mayar masa da dariyar rainin hankali. A waje Gilda, wadda ya yaudara, tana leƙe tana kuka, ubanta Rigoletto, wawan sarki mai ƙusumbi, yana rarrashinta yana ƙulla ramuwa. Liszt ya ɗora duka huɗun a kan yatsu goma. Muryar basaraken tana fitowa daga tsakiyar fiyanon a natse, dariyar Maddalena tana tsalle a gaggauce, kukan Gilda yana tsinkewa guntu-guntu daga sama. Wanda ya san labarin zai gane kowa ba tare da an furta kalma ba. Wannan ya wuce kwalliya.

Ban musa cewa Liszt yana son a kalle shi ba. An haife shi a 1811 a ƙauyen Raiding, a lokacin cikin Hangari, ya yi karatu wurin Czerny, malamin fiyano, a Vienna, kuma da ya je Faris a 1823 makarantar kiɗan birnin ta ƙi karɓarsa don baƙo ne. Bayan ya ga Paganini, shahararren makaɗi ɗan Italiya, yana goge a 1832, ya ƙudura sai ya kai wannan matsayi a fiyano, ya kuwa kai. Daga 1839 zuwa 1847 ya karaɗe Turai, mata na rububin safar hannunsa, har ya yi kiɗa a gaban Sultan Abdulmajid a Santambul. Amma a 1847 ɗin, yana ɗan shekara 35, kasuwarsa na ci, ya daina kiɗa don aljihunsa. Ya koma Weimar a Jamus, inda ya yi shekaru yana jagorantar makaɗa, yana tallata aikin wasu irin su Wagner mai rubuta opera, kuma ya ci gaba da koyar da ɗalibai kyauta har rasuwarsa a 1886. Kiɗan Rigoletto ya fito ne shekara 12 bayan ya bar yawon neman tafi.

Roƙona shi ne ku sake saka shi, amma ku fara da waƙar mutum huɗun nan ta Verdi, ku ɗan ba da labarinta, sannan fiyano ya biyo baya. Duka biyun ba za su ci minti 15 ba.

Na gode. Allah ya ƙara basira.

Naku mai sauraro,
daga Zariya