Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Ministan Muhalli: A Auna Laka Kafin A Dasa Itace

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ni ɗan Yawuri ne, aikin koyarwa ya kawo ni Fatakwal. Da damina ruwan Kwara a garinmu ja yake kamar kunun dawa, muna yara muna cewa datti ne. Sai da na zo nan na gane cewa wannan dattin ne ya gina ƙasar da nake takawa.

Fadamun bakin teku na Neja Delta, inda kurmin mangurof (itatuwan da ke girma a taɓon ruwan gishiri) mafi girma a Afirka yake, da laka suke rayuwa. Sau biyu a rana teku kan shigo cikinsu ya janye, ya bar ɗan taɓo a gindin itatuwa, saiwoyi su riƙe, ƙasa ta ƙara tudu kaɗan. Shi ma teku yana hauhawa, sama da milimita 3 a shekara a faɗin duniya. Tsere ne. In laka ta fi sauri, fadama ta tsira. In teku ya riga ta, saiwoyi su shaƙe, wurin ya koma ruwa tsagwaronsa.

To, lakar ma mun tare mata hanya. Dam ɗin Kainji tun 1968, sai Jebba, sai Shiroro a kan kogin Kaduna, ga Lagdo na Kamaru a kan Binuwai. Kowanne yana riƙe nasa kason a ciki. Ba sukar su nake ba, da wutarsu muka yi karatu. Amma a nan bakin teku kuma masu yashi suna kwasa, mai da ya malala yana kashe saiwa, kwakwar nipa da aka shigo da ita Kalaba a 1906 tana cinye wurin itatuwan asali. Wanda ya ga yadda teku ya ci garin Ayetoro a Jihar Ondo ya san ba tatsuniya ba ce.

Na yaba da dashen mangurof da HYPREP, shirin gwamnati na tsabtace wuraren da mai ya gurɓata, ke yi a ƙasar Ogoni bayan rahoton da UNEP, hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta fitar a 2011. Sai dai tambayar da ke damuna ita ce: ƙasar da ake dashen a kanta, tashi take ko nutsewa?

Gano amsar ba shi da wuya. Ana kafa dogon ƙarfe cikin taɓo har ya tsaya cak, a riƙa auna tsayin ƙasa daga kansa. A gefe a barbaɗa farar ƙasa, bayan shekara a yanko da wuƙa a ga kaurin lakar da ta hau kanta. Jihar Luwiziyana a Amurka, wadda ta yi asarar kusan murabba'in kilomita 5,000 tun shekarun 1930 bayan an killace kogin Misisifi, tana da irin waɗannan tashoshin awo kusan 390.

Roƙona, ranka ya daɗe, a kafa mana ko da ashirin ne, daga Forkados zuwa Bonni zuwa Kalaba, a damƙa wa jami'o'in yankin, a koya wa masunta karanta su, a riƙa fitar da sakamakon kowace shekara kowa ya gani. Inda ƙasa ke tashi a dasa. Inda take nutsewa a hana kwasar yashi, a bar fili a bayanta kada a cike shi da gini, don kurmin ya samu inda zai ja da baya.

Ɗalibaina sun ce in an kafa ta farko, su za su ɗauki awon.

Na gode, a huta lafiya.

Malamin makaranta,
Fatakwal