A Bar Yaranmu Su Yi Bayanin Kasuwarsu a Jarrabawar Turanci

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi magana da matasanmu na karkara masu shirin jarrabawar Turanci ta IELTS, da kuma malaman da suke shirya su. Ni malamin Turanci ne da na yi ritaya bayan shekaru masu yawa ina koyarwa a makarantun sakandare na ƙasar Gumel, kuma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani zama da muka yi a zaurena da damunar da ta wuce.

Ɗan ƙanwata ma'aikacin jinya ne da yake neman aiki a Ingila, inda hukumar da ke yi musu rajista take buƙatar maki 7 cikin 9 a ɓangaren magana. Ya same ni bayan la'asar ya ce, "Kawu, ka gwada ni." Na tambaye shi da Turanci ko yana son zuwa sayayya, domin tana cikin tambayoyin da aka saba yi. Sai yaro ya kafe ido a rufin zaure ya kama zuba kamar mai tilawa, wai duk ƙarshen mako yana zuwa katafaren kanti da abokansa, ya cika keken kaya, ya biya da kati, sannan su zauna shan kofi. Na bari ya kai aya, sannan na tambaye shi abin da ya sayo a zuwansa na ƙarshe da nawa ya biya. Nan take bakinsa ya mutu. Yaron nan tun bai kai shekara goma ba mahaifinsa yake tafiya da shi kasuwar Maigatari duk ranar Alhamis, da ido kawai yake yi wa akuya kuɗi, amma amsar da ya haddato daga intanet ta wani ce da yake zaune a birnin da shi bai taɓa takawa ba.

Ga wanda bai sani ba, wannan ɓangare na magana hira ce ta minti 11 zuwa 14 tsakanin ɗalibi da mai jarrabawa, kuma ana naɗar muryar. A kashi na farko ana tambayar mutum a kan rayuwarsa ta yau da kullum, a na biyu a ba shi kati mai ɗauke da batu da minti 1 na shiri ya yi magana har minti 2, a na uku kuma a zurfafa tattaunawa a kan batun. Abubuwa huɗu ake aunawa, kowanne da nauyi ɗaya: gudanar magana da haɗuwarta, yalwar kalmomi, nahawu, da lafazi. A cikinsu babu inda aka ce sai wanda yake sayayya a babban kanti zai ci maki, kuma masu jarrabawar an horar da su a kan gane amsar hadda, wadda tambaya ɗaya ta bazata take isa ta tona mata asiri, kamar yadda tawa ta yi.

Ni a ganina ɗan ƙauye ya fi ɗan birni abin faɗa a kan wannan batu, kunya ce kawai take hana shi. Wanda ya ɗauki kaya a kanti ya biya kuɗin da aka rubuta a jiki, labarinsa jimla biyu ne. Wanda ya je sayen gero kuwa, sai ya zagaya rumfuna ya ji yadda kasuwa ta kama, ya damƙi hatsin ya duba ko akwai tsakuwa, ya taya, a ce masa albarka, ya yi kamar zai wuce, a kira shi a sallama, ya tsaya ya ga an cika mudu har ya yi tozo, daga ƙarshe ya nemi gyara. Kowane mataki a nan jimla ce, kuma jere yake da kansa, ba sai an haddace ba.

Wahalar gaskiya ita ce yawancin waɗannan kalmomi ba su da takwara guda a Turanci, kuma a nan ne na fi daɗewa da yaron. Ya tambaye ni, "Kawu, yaya ake cewa gyara?" Na ce masa ba a cewa, bayani ake yi: ɗan ƙarin da mai sayarwa yake zuba maka kyauta bayan an gama ciniki domin ka dawo wajensa. Haka muka bi la'ada, muka ce kuɗin da dillali yake samu saboda ya haɗa mai saye da mai sayarwa. Haka muka bi albarka, wadda ita ce ta fi ba shi dariya, da ya ga sai ya yi wa Bature bayanin cewa a wajenmu ana ƙin tayi da addu'a. Iya kewaya kalmar da ba ka da ita da wasu kalmomin yana cikin abin da ake ba wa maki kai tsaye, don haka wannan aikin ba ɓata lokaci ba ne.

Idan batun sayayya ne, kashi na uku na hirar yakan tambayi yadda sayayya ta sauya, kuma nan ma ba ma buƙatar aron labari. A farkon 2023, da aka sauya takardun naira 200 da 500 da 1000 kuɗi suka ɓace daga hannun jama'a, mun ga dattawan da ba su taɓa shiga banki ba suna sayar da shanu ta hanyar tura kuɗi a waya, masu POS kuma suka zama sarakunan kasuwa. A shekarar ce kuma aka rufe iyaka da Nijar bayan juyin mulkin watan Yuli, kuma kasuwar Maigatari, wadda cinikinta ya dogara da baƙi daga tsallake, ta ji a jikinta. Wanda zai ba da wannan labari dole ya bambanta abin da aka saba yi a da, da abin da ya faru sau ɗaya, da abin da ake yi yanzu, wato daidai wurin da nahawun Turanci yake kayar da yaranmu. Ko tambayar wa yake yin cefane a gidanku ma tana da amsa mai daɗi, tun da a nan maigida ne yake fita kasuwa, matan kuma dillaliya ce take kawo musu atamfa har ɗaki.

Sai lafazi. Ba a neman mutum ya koma Bature, ana neman a fahimce shi ba tare da wahala ba. Sai dai Bahaushe yana haɗa sautin p da f, kuma abin takaici kalmomin ciniki cike suke da shi, irin su "price" da "pay" da "cheap". Na sa yaron ya riƙe takarda a gaban leɓɓansa, idan ya rufe su ya saki iska takardar ta motsa, to ya furta p daidai.

Laifin ba na yaran ba ne su kaɗai, mu malamai muna da kaso. Takardar furuci ta jarrabawar WAEC ta hanyar zaɓen amsa ake amsa ta, saboda haka ɗalibi yana iya gama sakandare da sakamako mai kyau alhali bai taɓa yin maganar minti biyu a jere da Turanci ba. Na yi shekaru ina koyar da ita haka, ban kuwa ga aibin abin ba sai yanzu. Ina roƙon abokan aikina da suke cikin aji har yau su ware minti goma washegarin kowace ranar kasuwa, su tayar da ɗalibi biyu ko uku su faɗi da Turanci abin da aka sayo a gidansu jiya, nawa aka taya, nawa aka sallama, sauran 'yan aji kuma su yi musu tambayoyi.

Shi kuwa ɗan ƙanwar tawa yanzu yana naɗar muryarsa a waya kullum bayan isha'i, ya saurara ya gyara. Alhamis mai zuwa in Allah ya kai mu za mu shiga kara tare, na kuma gaya masa tun daga bakin ƙofa har mu fito ba zan ji Hausa daga bakinsa ba sai idan zai gaisa da dillalai.

Wassalam.

Naka,
Malamin Turanci mai ritaya,
Ƙaramar Hukumar Maigatari, Jihar Jigawa.